Tulun Irin da Muka Binne a Tudu

In na ce wa jikokina a gindin tudu na tashi, sai su ɗauka wani dutse nake nufi mai tsayi da kogo. Ba dutse ba ne. A ƙasarmu, can wajen Kwaya, ko dutsen niƙa sai an sayo shi daga nesa. Tudunmu jan rairayi ne da itatuwa suka kama suka riƙe tun zamanin kakanni, yana kwance arewa da gari. In ka hau kansa kana hango rumbunan ƙauyukan da ke kewaye, da gonaki cike da gawo, da tsohuwar kukar da ke bakin masallacinmu.

A wurinmu turba ba ta da suna sai na itacen da ta ratsa. Akwai turbar aduwa, wadda ke sauka gabas zuwa rugar Fulanin da ke maƙwabtaka da mu. Akwai turbar marke, ita ce ke hawa har ƙololuwa ta gangara ta haɗu da hanyar kasuwar Sassumbrum. Burtalin shanu kuma ya zagaya ta yamma. In baƙo ya tambayi hanya, sai a ce masa ya bi har kalgon nan mai gindi biyu, ya bar shi a hagunsa, in ya ga tsamiya ya karkata. Da itacen da aka yi wa kakana kwatance aka yi wa ubana, da shi aka yi mini. Mutum ne muka sani yana tafiya ya bar itace. Ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa itace zai iya riga mutum tafiya ba.

Sabara da geza da anza sun rufe jikin tudun, ba ka ganin wanda ke gabanka sai dai ka ji tarinsa. Ina kai awaki kiwo can tun ban iya ɗaura zane ba. Zabin daji kan taso a gabanka garke guda, su ba ka tsoro su kuma yi ta yi maka tsiya daga nesa. Akwai fakara da zomo da bushiya, akwai damo da ke shanya jikinsa a kan reshe. Da sanyin safiya mukan ga barewa ta tsaya tana kallonmu, kunnuwa a miƙe, kafin ka ce wa na kusa da kai duba, ta ɓace. Kurege kuwa ba a maganarsa. Wannan ɗan rainin wayon yakan tsaya da ƙafa biyu a bakin raminsa yana kallona ina cin gyaɗa, kamar shi ya aike ni.

Ba a saran ɗanyen itace a tudun. Busasshe kowa ya ɗiba, amma ɗanye akwai gardin daji, ma'aikacin gwamnati mai tsaron itatuwa, da ke zuwa daga Magariya a kan doki, ba ya sanar da ranar zuwansa. In aka hango hularsa, har matan da ƙirare kawai suka tsinta sai su yar da kayan su ruga. Tun kafin gardi ma tsofaffi ba sa yarda a taɓa gawo.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata. Inna kuwa, saboda kunyar 'yar fari, ba ta faɗin sunana ko da wasa, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Tsakanina da ƙanena akwai waɗanda ba su rayu ba, don haka lokacin da nake ba da labari, a shekarun saba'in ɗin nan na babban fari, ina 'yar shekara goma sha biyu ko kusa da haka, shi kuwa ba a daɗe da yaye shi ba.

Damina ta yi mana rowa shekara da shekara, ta ƙarshen kuma ta fi muni. Abin da muka girbe bai rufe ko gindin rumbu ba. Baba ya zauna a tsakar gida ya bi zangarniyar geron ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu ƙoshi, ya sa Inna ta sussuka su daban. Geronmu mai dogon kai ne, irin wanda ake kira zango, amma namu yana da saurin nuna, kuma ya saba da jigawa. Kakan Baba ne ya zo da shi, ana ta zaɓensa kowace kaka har ya zama namu. Mutane kan zo neman ɗan dunƙule daga nesa. Baba ba mai alfahari ba ne, amma in ana maganar geron nan sai ka ga ya gyara zama.

Akwai al'adar da ba a yin ta sai a shekarar yunwa. A shekarar ƙoshi iri yana rataye a cikin rumbu, ba mai kula shi. In an ga alamar rani zai yi tsawo, sai maigida ya fitar da iri daga gida gaba ɗaya ya binne shi a daji, domin an san in yaro ya kwana biyu yana kuka, ba uwar da za ta iya kallon hatsi ta ƙyale. Ba a gaya wa uwar 'ya'ya wurin. Mutum ɗaya ake nuna wa, saboda rai. Da Baba yana da ɗa namiji babba, shi zai nuna wa. Ba shi da shi, sai ni.

Ranar kasuwar Sassumbrum ce, gari ya yi shiru da rana tsaka. Baba ya gauraya geron da toka ya ɗura a babban tulu, ya kife ƙaramin kasko a baki ya liƙe da yumɓu. Ya sa tulun a mangala, ya rufe da buhu da igiyoyi kamar masu zuwa itace, muka kora jaki muka bi turbar marke. Da muka kusa ƙololuwa sai ya bar turbar ya kutsa cikin sabara, ni ina biye ina cire ƙaya.

Ya haƙa rami har ya kai masa ƙugu. Ya saukar da tulun a hankali, ya mayar da rairayi, ya share sawunmu da reshe, ya watsa busasshen ganye. Sannan ya kama kafaɗuna ya tsayar da ni a kan wurin.

"Uwata, juya bayanki ga marke. Me kike gani a gabanki?"

"Gawon amya," na ce. Wani babban gawo ne a gindin tudun, wanda masu zuma ke rataya amya a kansa.

"Kukar masallaci fa?"

Na duba, ban gan ta ba. Ya ce in matsa kaɗan. Da na matsa sai ga kukar ta leƙo daga bayan gawon. Na dawo, ta sake ɓuya.

"To kin gani. Marke a bayanki, gawo ya rufe kuka, aduwar nan mai kumburi tana daidai kafaɗarki ta dama. In kin tsaya haka, iri yana ƙarƙashin ƙafarki. Ba kara za mu kafa ba, kara yaro ma sai ya tuge. Waɗannan kuwa sun girme ni, kuma za su binne ni."

Sannan ya ce, "In ban dawo ba, ranar da ruwan shuka ya sauka ki kawo uwarki nan. Kafin wannan rana ko ni na aiko a tambaye ki, ba ki sani ba. In aka ci wannan, mun tashi daga garin nan."

Ranar na dawo gida ina jin kaina wata babba. Ban san abin da aka ɗora mini ba.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya bi sauran maza suka ƙetare iyaka cin rani, wajen Kano. Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ita ma ta watse a shekarar, yara sun bi iyayensu, malamin ya gaji da koyar da benci ya tafi. Sai na koma kiwo wuni guda. Kullum sai na san yadda na yi na bi da awakin ta wurin. In tsaya, in juya baya ga marke, in ga gawo ya rufe kuka, in ji sanyi a raina, in wuce.

Namun daji ne suka fara tafiya. Barewa ban sake ganinta ba tun kaka. Zabi suka ragu, waɗanda suka rage aka bi su da tarko. Damo da bushiya duk sun shiga tukunya. Dila da a da sai dai ka ji kukansa daga nesa, ya fara shigowa har bayan gida da rana. Ungulu kaɗai ke ƙiba, sai kurege, wanda ban san abin da yake ci ba amma yana nan da iyayinsa.

Daga nan aka shiga itatuwa. Ciyawa ta ƙare, shanu ba su da abin ci sai ganye, kuma gawo ne mai ganye da rani. Wata safiya na iso gindin tudu na tarar da wani dattijon rugar a kan gawon amya da gatari. Aminin Baba ne. Kowace kaka shanunsa ne ke kwana a gonarmu su ci kara su bar mana taki, matarsa kuma ba ta wuce ƙofarmu ba ta zuba wa Inna nono ba. Baffa nake ce masa. Shanunsa da suka rage suna tsaye a ƙasa, ƙashin haƙarƙari a waje, duk sun ɗaga kai sama suna jiran reshe ya faɗo.

Na matsa gindin itacen. Na ce, "Baffa, sannu da aiki. Don Allah ka bar wannan mana."

Ya leƙo ta cikin rassan. "Don me, 'yata?"

"Na amya ne."

"Zumar ta tashi tun bara, ba ki sani ba? To nuna mini wanda zan hau. Sauran duk an riga ni."

Na duba, gaskiyarsa. Duk gawon da ke gonakin an aske su tas. Kalma ɗaya ce a bakina da na san in na faɗe ta zai sauko, kuma ita ce aka hana ni faɗa. Na tsaya ina kallo har ya gama. Na lallashi kaina da cewa ai gangar jikin tana nan, ko ba rassa za ta rufe kuka.

A cikin kwanakin nan gardin daji ya zo. Ni har murna na yi da na hango hularsa, ni da a da nake gudunsa. Na ce yau za a daina. Ya tsayar da doki a bakin burtali. Mutane ba su ko gudu ba, ba su da ƙarfin gudun. Ya dubi masu sara, ya dubi wata saniya da ake ta ɗagawa da sanduna tana komawa ƙasa, ya daɗe yana kallo. Sai ya juya kan dokinsa ya tafi bai ce uffan ba. A lokacin na ji haushinsa ƙwarai. Yanzu da na tsufa na san ba abin da zai iya faɗa.

Da masu dabbobi suka gama da ganye, sai masu itace suka shigo. Itace kaɗai ya rage da za a kai Magariya a dawo da abin sawa a baki. Sabara da geza aka fara sharewa, sannan kalgo, sannan manya. Mutanen garinmu ne, ba baƙi ba. Wanda ya sare marke maƙwabcinmu ne mai 'ya'ya barkatai, da shi da 'yan'uwansa. Na zauna daga nesa da awakina ina jin ƙarar gatari, ina roƙon Allah ya sa ƙotar ta karye. Ba ta karye ba. Da marken ya faɗi sai da ƙasa ta amsa. Aduwa mai kumburi ta bi shi. Gawon amya, da ya rasa rassa ya kuma rasa ruwa, ya bushe a tsaye, busasshe kuwa ba mai tambayar kowa kafin ya sare shi.

Na ce to ai kututture yana nan. Ashe mata na biye da dagi suna tono kututture da saiwa, don abin hura wuta ya yi wuya.

Sai na yi dabarata ta yarinta. Tun ina iya gane wurin, na jawo ƙoƙon kan wata saniya mai dogayen ƙaho na ajiye a kai. Na ce wannan ba mai sha'awarsa, ba a ci, ba a hura wuta da shi. Dabarar ta yi mini daɗi. Ban yi lissafin cewa tudun nan ne shanun ƙasar duka za su zo su mutu ba. Kafin bazara ta yi nisa, duk inda ka duba mushe ne, kawunan shanu masu dogayen ƙaho sun fi a ƙirga, diloli da karnuka na jan su daga nan zuwa can. Har yau in na tuna sai in yi dariya, dariyar da ba ta da daɗi.

A gida kuwa dilo muke ci, 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya ragu. Mukan sussuka ƙarangiya mu fitar da 'yan ƙwayoyin cikinta. Inna takan bi mata su tona gidan tururuwa su kwaso abin da suka tara. Awakinmu aka yi ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya ana musanyawa da hatsi, har saura wata baƙar akuya mai taurin kai da taurin rai. Ƙanena ya daina wasa. Yakan zauna a inda aka ajiye shi, ciki a gaba, gashinsa ya yi ja.

Wata rana da la'asar Inna tana tsame dilo, ba ta dube ni ba ta ce, "Ke, ranar nan da kuka fita da jaki, ina kuka nufa?"

Na ce, "Itace."

"Itace." Ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, "To ki ji. Kada ki gaya mini. Ko gobe na tambaye ki, ko na yi miki kuka, ko na ɗaga miki hannu, kada ki gaya mini."

Ta kuwa tambaya. Ba a yi wata guda ba, ranar da yaron ya ƙi karɓar dilon yana ta amayar da shi, ta ja ni bayan ɗaki ta riƙe hannuna da ƙarfi. A ranar ne kaɗai a rayuwata na ji sunana a bakinta. Ta ce tafi ɗaya kawai take so, ta dama masa kunu, ba wanda zai sani. Na ce ban san abin da take faɗa ba. Ta dube ni, na dube ta, dukanmu muna hawaye. Ta sake ni ta koma ɗaki. Yaron ya rayu, Allah ya yi da sauran kwanansa, yau shi ma yana da jikoki kuma bai tuna komai ba. Amma ni ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsani tulun nan a ranar ba.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, ko na so in kai ta a lokacin, ban tabbata zan gane wurin ba. Iskar bazara ta taso ta sami tudun tsirara. Rairayin da saiwoyi suka riƙe shekaru aru-aru ya sami sake, ya fara tafiya. Inda ke da kwari ya cike, inda ke da tozo ya baje. Turbar marke da turbar aduwa suka shafe, domin da ba sabara ko'ina hanya ce, kowa inda ya ga dama yake ratsawa. Nakan hau in tsaya in juya baya ga inda nake zaton marke yake, sai in ga kukar masallaci fayau, ba abin da ya rufe ta. In matsa dama in gan ta, in matsa hagu in gan ta.

Shamuwa ta dawo, maza suka fara dawowa a bayanta. Baba ya iso a rame, da ɗan buhun garin rogo a kansa. Ta hanyar kudu ya shigo, bai ga tudun da kyau ba sai da ya ajiye kaya ya sha ruwa ya fito ƙofar gida. Ina tsaye kusa da shi. Ya daɗe yana kallon arewa.

"Uwata," ya ce, "ina marke?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba.

Bai jira ruwa ba, washegari muka hau da fartanya da dagi. Ya tsaya nan, ya tsaya can, ya rufe ido ɗaya ya miƙa hannu wajen kuka. Ya gangara ya nemi inda gawon amya yake, ya kafa sanda a inda ya yi zato, ya hau ya duba, ya sauka ya matsar da ita. Ya tambaye ni, na nuna inda na fi zato. Muka haƙa, ba komai. Muka matsa, muka haƙa. Rairayi ne, kana fitarwa yana komawa.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka, ruwa mai kyau, irin wanda aka manta da shi. Gari ya waye da ƙanshin ƙasa, duk mai ɗan iri ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Mu kuwa muka nufi tudu, har da Inna, goye da yaron, tunda yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Manomi ya san danshin ruwan farko ba ya jiran kowa. Muna haƙa muna hango mutane a ƙasa, jere-jere, mai sara a gaba masu zuba iri a baya. Gonarmu ce kaɗai ba kowa a cikinta.

Kowa ya san abin da muke nema, ba wanda ya tambaya. Waɗanda suka gama shukarsu suka hawo da fartanyoyi suka kama mana, har da maƙwabcin da ya sare marke. Shi ya fi kowa haƙa, kansa a ƙasa, bai yarda sun haɗa ido da Baba ba. Baffa ma ya zo, ba ko saniya ɗaya a bayansa. Da ya ji yadda aka yi kwatancen sai ya zauna a kan rairayi ya riƙe kai.

"'Yata, ashe abin da kike nufi ke nan ranar nan. Da kin faɗa mini."

Na ce, "An hana ni, Baffa."

Baba ya ce, "Ni na hana ta. Kuma ko ta faɗa, kai ka sauka wani ya hau."

Muka mayar da saman tudun kamar gidan gafiya, rami a gefen rami. Danshi ya tafi, wani ruwan ya zo, shi ma ya tafi. Daga ƙarshe Baba ya ce a bari. Maƙwabta suka tara mana ɗan abin da ya rage a gindin ƙoransu, bai kai ya rufe ko kusurwar gona ba. Sauran filin Baba ya shuka wata jar dawa da ake rabawa ta taimako, wadda aka kawo daga wata ƙasa mai nisa. Don ci aka kawo ta, ba don shuka ba, kuma ya sani. Ya ce ba zai iya kallon gonar ubansa a kwance ba.

Abin takaicin shi ne daminar ta yi kyau. Geron mutane ya tashi ya yi ciki ya fitar da kai. Dawarmu ta yi ganye shar, ta yi tsayi har ta fi ni, amma ko alamar kai babu. Mai wucewa zai ce gonarmu ta fi ta kowa. Tun kafin ruwa ya ɗauke Baba ya gaya wa Inna cewa in an yi kaka za mu tafi Damagaram wurin wani ɗan'uwansa, ya nemi aikin ƙarfi. Haka kuwa aka yi, kuma ba mu sake komawa da zama ba. Geron nan namu mai dogon kai ban ƙara ganin irinsa ba, na tambaya a kasuwanni har na gaji.

Amma kafin mu tashi, wajen ƙarshen damina, aka yi marka ta kwana da wuni. Da gari ya washe na kora baƙar akuyar nan na hau tudu. Ruwa ya zaizaye gefen gabas ya yanka ɗan kwari. Tudun ya yi 'yar ciyawa tsilli-tsilli, amma daga nesa na hango wani wuri da korensa ya fita daban, cunkus, faɗinsa bai wuce tabarma ba. Na ƙarasa. Gero ne. Tsiro a kan tsiro, sun matse juna ba masakar tsinke, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. A tsakiya ga bakin tulu ya leƙo, kaskon ya fashe, ramukan kurege sun kewaye shi. Wurin yana tsakanin ramuka biyu da muka haƙa, har ana iya gane gurbinsu. Da mai haƙa ɗayan ya miƙa fartanyarsa gefe kaɗan, da ya ji ta ƙwanƙwasa.

Na ruga na kira Baba daga gona. Ya hawo yana haki, ya durƙusa ya sa hannu cikin tulun. Abin da ya fito da shi baƙar laka ce ta toka da ruɓaɓɓen hatsi da fararen saiwoyi. Na ce masa ko mu cire mu yi dashe a bayan gida. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya girgiza kai. Ni ma na sani. Ruwan da ya rage a shekarar bai isa ya kai su ko gwiwa ba.

Ya miƙe ya tsaya a kan wurin. Ya juya bayansa ga inda ba marke, ya dubi kukar masallaci, ya waiwaya dama inda ba aduwa. Ya ce a hankali, "Nan ne kuwa. Daidai nan ne."

Muna tsaye sai akuyar ta zagayo ta sa baki cikin tsiron ta fara figa. Raina ya ɓaci. Duk yunwar da muka sha, duk hawayen Inna, a ce wannan baƙar banza ce za ta ci? Na ɗaga sanda zan kwaɗa mata, Baba ya riƙe hannuna.

"Ƙyale ta, Uwata," ya ce. "Bari dai wani daga gidanmu ya ci."